Asabarin Motar Yaya Bala

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙon Ya tsare alƙalamina daga ɗaukar alhakin kowa. 'Ya'yana, na san kun sha ji a dangi ana cewa babanku ne ya huda motar Yaya Bala, har wasu suna ƙarawa da cewa sai da na ga bakinsa ya mutu, ba zai iya hana ni ba, sannan na yi. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Ni ba gwanin magana ba ne a cikin taro, da na fara sai harshena ya sarƙe, in dawo gida in yi ta tuna abin da ya kamata in ce. Yanzu gemu ya yi fari, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Gara in rubuta muku yadda aka yi, in na yi kuskure a wani wuri Allah Ya yafe mini.

Yaya Bala wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da na gama firamare kuma shi ya kai ni koyon ɗinki a kasuwar Rogo. Shi magatakardan dagaci ne a Gwangwan, mutum mai tsayi, mai murya, wanda in ya yi gyaran murya a zaure har awaki sukan natsu. Ni kuwa tun ina yaro mai fargaba ne. In an ce a tafi, sai in ce kar dai ruwa ya tare mu. In an ce a zauna, sai in ce kar dai ana jiranmu. Shi ya sa ya raɗa mini suna Kar-dai, sunan ya bi ni, har matarsa Yaya Asabe ta manta cewa sunana Idi.

Motar fara ce, ƙirar da, mai dogon hanci da kujeru masu faɗi. Tun kafin in yi aure ya saye ta, a lokacin ma ba sabuwa ba ce. Muna ce mata Dattijuwa. A kan gilashinta na baya, daga waje, akwai wani baƙin ƙarfe marar nauyi, jeri-jeri kamar haƙarƙari, wanda yake tare rana amma direba yana iya hangen baya ta tsakaninsa. Makanikai luba suke ce masa. Yaya Asabe ta ce wannan ai asabari ne, irin na ƙofar ɗaki, sai dai na ƙarfe, kuma sunan da ya zauna ke nan a gidanmu. Ba ƙusa ce take riƙe da shi ba. Wasu 'yan harsunan ƙarfe ne a gefensa, ana cusa su ƙarƙashin robar da ta kewaye gilashin, robar ta danne su. Yaya yana da tsumma na musamman na goge tsakanin haƙarƙarin nan, ɗaya bayan ɗaya. Ba a jingina da Dattijuwa. Ba a ɗora mata buhu. Ranar da wani ya goge ta da keken hannu a kasuwa, Yaya bai yi faɗa ba, amma bai ci tuwo ba.

Shekarar da nake ba ku labari, bayan an yi kaka an shigar da dawa, Yaya ya faɗi yana alwalar la'asar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, muryar nan ta tafi, sai 'yan kalmomi da yake fitarwa da ƙyar. Da aka sallamo shi daga asibiti, aka ce a riƙa kai shi asibiti a Karaye ana yi masa gashi da motsa jiki, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Babban ɗansa Kabiru, wanda yake aiki a Kano, ya zo da motarsa mai sanyi ya ce a riƙa kai shi a ciki. Aka ɗauko Yaya har bakin ƙofarta, ya sa hannun hagu ya dafe ƙofar, ya ƙi shiga. Ya yi ta nuna rumfar da Dattijuwa take. Haka makulli ya faɗo hannuna, domin shi ya koya mini tuƙi, kuma ɗinki sana'a ce da ake iya rufe shago a tafi.

Shekara da shekaru Yaya yana gaba riƙe da sitiyari, yanzu ga shi a kujerar baya, an tokare shi da matasai, Yaya Asabe tana gefensa da butar ruwa. A tafiyar farko na gane asabarin ya saki. Robar ta tsufa ta bushe, harsunan sun yi tsatsa. Da mun hau burji mai gargada sai ya kama kaɗawa, kaf-kaf-kaf, daidai ƙeyar Yaya. Na kwaso ƙyallaye daga shago na cusa a gefensa. Na yanko robar tayar keke na ɗaure. Kafin mu tashi sai na zagaya na girgiza shi, in muka yi nisa kaɗan in tsaya in sake zagayawa. Tafiya kuwa kamar ta hawainiya, har masu babur suna wuce mu suna waiwaye.

Yaya Asabe takan ce, "Kar-dai, in haka za mu tafi, ka sauke ni in riga ku zuwa in kama mana layi."

In ce, "Yaya, sannu ba ta hana zuwa."

Ta ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba. Ka ƙarasa karin maganar mana."

Wata rana muna dawowa, wajen Yammedi, babbar mota ta wuce mu da gudu. Iskarta ta bugi Dattijuwa. Ina duban madubi na ga asabarin ya ɗaga kamar fiffiken shirwa, ya yi sama, ya juya. A bayanmu akwai wani dattijo a kan keke da ɗaurin rake. Na taka birki ina salati. Ƙarfen ya sauka a gabansa, bai fi taku ba tsakaninsa da tayar gaba. Dattijon ya sauka, ya ɗauko shi, ya karkaɗe, ya turo kekensa har inda nake tsaye.

Ya ce, "Malam, motarka tana zubar da haƙarƙari. Ka duba ko da saura a baya."

Dariya yake yi. Ni kuwa wuyansa kawai nake kallo, siriri, da jijiyoyi. Na yi ta ba shi haƙuri har ya gaji ya ce in bar shi ya tafi, rana tana yi. Na sa asabarin a but, na yi alkawari tsakanina da Ubangijina ba zan sake hawa titi da shi a sake ba.

To amma rashinsa ma wata masifa ce. Gilashin bayan Dattijuwa a kwance yake, mu kuma da azahar muke dawowa, rana tana tsaka. Sai ta sauka a wuyan Yaya da kafaɗarsa kamar an kara masa garwashi. Ya yi ta gumi, idonsa ya yi ja, mu iso gida a galabaice, ga shi an gargaɗe mu a asibiti kada a bar shi cikin zafi. Yaya Asabe ta ce abu mai sauƙi. Ta ɗauko wani zanenta mai duhu ta rufe gilashin daga ciki, ta saƙala wani a tagar gefe. Ban so ba, domin ba na ganin baya, amma haka na ja motar. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne, a wajenmu mota mai tafiya a hankali, an lulluɓe bayanta da zane, abu ɗaya take nufi. Muna shiga Rogo na ga 'yan majalisar bakin titi suna miƙewa tsaye. Wani mai shayi ya ajiye buta ya ɗaga hannuwa. Ban fahimta ba sai da muka isa ƙofar gida, wani tsohon abokin aikin Yaya ya biyo mu a babur, ya sauka ko jingine shi bai yi da kyau ba.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Idi, yaushe? Ƙarfe nawa za a yi sallar?"

Tagar a buɗe take. Yaya ya ji. Na ga hannunsa na hagu ya miƙa baya ya fizge zanen, ya jefar a ƙasan mota. Mutumin ya rasa inda zai sa kansa, ya durƙusa yana ta gaisuwa. Yaya bai dube shi ba.

Daga ranar ya daina fita. In mun zo ɗaukarsa sai ya juya fuska bango. Kunu ma sai an yi da gaske. Mako ya wuce, wani ya bi, ina ganin yatsun ƙafarsa suna lanƙwashewa, ina ganin mutum yana shirin zama abin da aka zata.

Na ɗauki asabarin na kai wa Mamman mai walda a Rogo, wanda ya daɗe yana taɓa jikin motoci. Ya zo har gida ya duba. Ya tura ɗan yatsa a robar, ta ɓarɓashe kamar ƙanzo. Na ce a sayo sabuwa. Ya ce robar wannan mota sai dai a lahira, kuma in aka ce za a ciro gilashin a gwada wata, yana iya tsagewa, shi ma babu irinsa. Na ce gam fa? Ya ce gam da ranar nan tamu, sai dai in ina so in sake gaisawa da mai rake.

Ya ce, "Hanya ɗaya ce, Malam Idi. A huda jikinta a kusurwa huɗu, nesa kaɗan da gilashi. A shafa fenti a bakin hujin saboda tsatsa, a sa wosha ta roba sama da ƙasa saboda ruwa, a ɗaure da noti. Ko guguwa ba ta ɗaga shi."

Na ce, "Kar dai gilashin ya fashe garin huji."

"Ba zai fashe ba."

"Kar dai ruwa ya riƙa shiga but."

Ya ce, "Kar dai sama ta faɗo. Ni dai na faɗa maka aikina."

Huda Dattijuwa. Ko a baki abin ya yi mini nauyi. Na kira Kabiru a waya, na yi masa bayani tiryan-tiryan, har na maimaita. Ya yi magana da ladabi, domin Kabiru bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ya ce, "Baffa, don Allah kar a taɓa ta. Ka fi ni sanin yadda Baba yake da motar nan. Komai nasa ya canja, hannu, baki, tafiya. Ita kaɗai ce ta rage yadda ya bar ta. In ya warke ya tarar an huda ta, me za mu ce masa? Ku lallashe shi ya shiga tawa."

Ina so ku sani, 'ya'yana, ban ga laifinsa ba a ranar, yau ma ban gani ba. Maganar mai ƙauna ce. Ita ce ma ta fi damuna, domin rabin zuciyata abin da take faɗa ke nan. Mota amana ce a hannuna. In na huda, na ci amana. In na bari, ina kallo ɗan'uwana yana narkewa a kan gado. In na mayar da asabarin da ƙyalle da roba, wata rana zan yanke wuyan bayin Allah. Na yi ta juya abin har na ɗinka wa wani aljihun riga a baya. Mahaifiyarku ta ce in na ci gaba da haka ni za a fara kai wa Karaye.

Yaya Asabe ce ta warware. Na same ta a tsakar gida da hantsi tana tankaɗe, na zauna a kan turmi ina sake jera mata abin da Mamman ya ce da abin da Kabiru ya ce. Ita ba ta kiran sunan Kabiru, ɗan fari ne, sai dai ta ce ɗan Kano. Ta ajiye rariya ta dube ni.

Ta ce, "Ka tambayi mai walda. Ka tambayi ɗan Kano. Na ji har liman ka tare a bakin masallaci. To motar ta wace ce?"

Na ce, "Ta Yaya ce."

"Ya mutu ne?"

Na ce, "Subhanallahi, Yaya."

Ta ce, "To me ya raba ku da mai babur ɗin nan? Shi da baki ya faɗa, ku kuma kuna yi a aikace. Kuna tsayawa a kansa kuna shawara kamar buhun masara. Baki ne ya karkace, Kar-dai, ba hankali ba. Ni da nake kwana da shi na sani. Ga shi can a ɗaki, je ka tambaye shi."

Na shiga da sallama. Yana kwance, fuska a bango. Na durƙusa a gaban gadon kamar yadda nake yi tun ina yaro in zan roƙi wani abu, na gaishe shi, na faɗa masa komai. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na faɗa masa maganar Mamman, na faɗa masa maganar Kabiru da irin muryar da ya faɗe ta, don kada in zalunci yaron. Na ce in ya ce a'a, ko allura ba za ta taɓa motar ba. Ya daɗe bai motsa ba, har na zaci barci yake. Can ya juyo. Ya dube ni da idon nan nasa na magatakarda. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ƙofa. Na gane nufinsa, a kira Mamman, a kai shi wajen motar ya gani da idonsa.

Washegari da safe Mamman ya zo da injin huji da ɗan janareta. Muka ɗauko Yaya a kujera, ni da shi, muka ajiye a bayan Dattijuwa, cikin rumfa. Yaya Asabe ta tsaya a bakin zaure da mayafi. Mamman ya ɗora asabarin a mazauninsa, ya daidaita, ya nuna da ɗan yatsa inda hujin zai faɗa. Ni kuma na fito da allin ɗinki daga aljihu, don in yi alama. Na zaɓi alli ne saboda ana iya gogewa, ko da Yaya zai canja ra'ayi, ko ni in canja. Na kai hannu ke nan Yaya ya buge allin ya faɗi. Ya buɗe tafinsa. Ban gane ba.

Yaya Asabe ta ce, "Makulli yake so."

Na ba shi. Ya ce a matso da kujerar, da ka ya faɗa. Ya riƙe makullin a hannun da bai saba da shi ba, ya kai bakin makullin kan farin fentin nan da ya shekara talatin yana gogewa, daidai inda Mamman ya nuna. Ya danna. Na ji ƙarar a haƙorana. Ya ja layi, ya gicciya wani a kai, har ƙarfe ya bayyana. Muka zagaya da shi sauran kusurwoyin, na saman sai da muka ɗaga shi tsaye, ina riƙe da ƙugunsa, nauyinsa duka a kafaɗata. Bai bar ko ɗaya ba. Da ya gama ya miƙa wa Mamman hannu alamar bismilla.

Mamman ya ɗauki injin huji. Ya yi hujin a hankali, yana tsayawa yana hure garin ƙarfe. Ni na riƙe gilashin da tafukana biyu, ko da yake ya ce ba ya bukatar riƙo. Ya shafa fenti, muka jira ya sha iska, ya sa wosha, ya ɗaure. Sannan ya kama asabarin da hannu biyu ya jijjiga, motar duka ta girgiza, shi ko gezau.

Wosha da noti sun rufe zanen da Yaya ya yi da makulli, ba wanda zai ƙara ganinsa. Da Kabiru ya zo ya shafa notin da ɗan yatsa, ya daɗe a tsaye. Mahaifiyarsa ta faɗa masa yadda aka yi, ya ce ya ji, amma na ga bai yarda ba. A ganinsa mun kama hannun marar lafiya mun yi abin da muke so, ita kuma tana rufa mini asiri. Bai yi mini rashin kunya ba. Gaisuwa ce ta gajarce. Yaron da na ɗinka wa rigar sallarsa ta farko ya koma yi mini sannu daga nesa, kuma bayan rasuwar Yaya, da motar ta faɗa rabonsa, direba ya aiko ya ɗauke ta. Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Ku dai ku riƙe shi, ɗan'uwanku ne, kada ku gaji wannan daga gare ni.

Ranar da aka ɗaure asabarin ba ranar asibiti ba ce. Amma da muka zo mayar da Yaya ɗaki sai ya riƙe murfin motar. Muka sa shi a baya da sandarsa a gefe, Yaya Asabe ta shiga da butarta, ta ce mu nufi Jajaye ya ga gonarsa, rabonsa da ita tun lokacin girbi. Rana ta take. Na duba madubi, na ga inuwa ta sauka a kafaɗarsa layi-layi, wuyansa a bushe. Muka hau gargada, na saurara. Babu kaf-kaf. Sai ƙarar inji da tsakuwa a ƙarƙashi. Duk da haka ƙafata ba ta yarda ba, ina tafe a hankali yadda na saba, ina neman wurin da zan tsaya in zagaya in duba. Mutanen da ke bakin hanya suka hango mu. Wannan karon ba wanda ya miƙe da salati, hannu suke ɗagawa suna cewa Allah Ya ƙara sauƙi, Magatakarda, shi kuma yana ɗaga musu na hagu.

Da muka fita gari hanya ta miƙe, sai na ji sandarsa ta taɓa bayan kujerata. Na ce shi ke nan, wani abu ya same shi, na fara neman gefe.

Na ce, "Yaya, lafiya? In tsaya?"

Ya yi ta kokawa da bakinsa. Muka jira shi, ni da Yaya Asabe. Kalmomin suka fito ɗaya-ɗaya, a karkace, amma da muryarsa ta da.

"Kar-dai," ya ce. "Taka ta."

Na ce bismillahi, na sa giya ta gaba, na taka.